GADON DA KE SHIGEWA BANGO: DAGA ƊAKIN GWAURO ZUWA MOTAR TAFI-DA-GIDANKA



Lokacin da nake makaranta mu huɗu ne a ɗaki ɗaya, ɗakin da ko mutum biyu sai sun yi haƙuri da juna. Kullum da safe sai mu ɗaga katifu mu jingina su da bango, a samu wurin sallah da wurin ɗora risho. Da dare a sauke. Wata rana katifar wani ta zame ta faɗo kan tukunyar wake, aka kwana da yunwa, aka kuma kwana ana musun wa ya jingina ta a karkace. Na tuna wannan ne da na zauna bin tarihin wani gado da Amurkawa suka shafe sama da shekara ɗari suna kokawa da shi, gadon da ake ɗagawa ya tsaya a jikin bango da rana, a jawo shi ƙasa da dare. Can suna kiransa gadon Murphy. Yau ya samu mazauni a motocin nan masu ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, waɗanda iyali ke yawon hutu da su, wasu ma su tare a ciki gaba ɗaya. Mun saba cewa wayar tafi-da-gidanka, kotun tafi-da-gidanka. To wannan motar ce ta fi kowa cancantar sunan.

Sunan Murphy ne ya bi gadon, amma ba shi ya fara ba. A 1885 wata mata baƙar fata a Shikago, Sarah Goode, mai shagon kayan ɗaki, ta samu takardar mallakar ƙirƙira kan wani gado da in an naɗe shi yake komawa teburin rubutu. Abokan cinikinta masu ƙaramin ƙarfi ne, mazauna ƙananan ɗakunan haya, ita kuma ta san damuwarsu. Tana cikin matan baƙar fata na farko-farko da suka samu irin wannan takarda a Amurka. A 1899 wani baƙar fatan, Leonard Bailey, ya samu tasa kan gado mai naɗewa. Tun kafin su, a shekarun 1860, George Pullman ya riga ya cika taragun jiragen ƙasa da gadajen da ke saukowa daga saman bango da dare, kujerun ƙasa kuma a haɗe su su zama wani gadon.

Ku riƙe zancen Pullman ɗin nan. A jirginsa fasinja ba ya taɓa gado. Akwai ma'aikata, baƙaƙen fata, na farkonsu da yawa 'yantattun bayi, waɗanda aikinsu ke nan: su sauke gado, su shimfiɗa zanen gado, gari ya waye su naɗe su mayar. Fasinja ya kwanta ya tashi yana yabon dabara, wanda ya yi wahalar kuwa ba a ko tambayar sunansa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai a 1925 suka kafa ƙungiyar ƙwadagonsu ƙarƙashin A. Philip Randolph.

Shi William Lawrence Murphy a San Faransisko yake, wajen shekarar 1900, a ɗaki ɗaya tal. Labarin da ake bayarwa shi ne yana neman wata mawaƙiya, al'adar zamanin kuwa ba ta yarda budurwa ta shiga ɗakin kwanan namiji ba. Sai ya yi dabarar da gadonsa zai shige cikin kabad, ɗakin ya tashi daga ɗakin kwana ya koma falo, baƙuwa ta shigo ba tare da an yi da ita ba. Labarin ya yi daɗin da mutum zai ɗan ɗaga gira, amma abin da ke rubuce shi ne a 1912 ya samu takardar mallaka kan abin da ya kira gado mai ɓacewa, ya kafa kamfani, a 1925 ya mayar da shi Niyok. Birane na cika, kuɗin haya na hawa, masu gina gidaje suka riƙa tallata ɗaki da cewa akwai gadon Murphy a ciki. Bayan yaƙin duniya na biyu, da jama'a suka fita bayan gari suka samu gidaje masu ɗakuna da yawa, kasuwarsa ta ja baya, sai tsadar haya ta sake farfaɗo da ita daga baya. A 1989 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa sunan ya zama na kowa, duk kafintan da ya ƙera irinsa yana iya kiransa gadon Murphy. Kamar dai yadda muke ce wa kowane garin wanki omo.

Tun da wuri mutane suka gane gadon yana da hali. A 1916 Charlie Chaplin ya fitar da fim ɗinsa One A.M., inda wani ya dawo gida a buge ya yi ta dambe da irin wannan gado, ya danne shi, ya wurgar da shi, ya haɗiye shi, har ya haƙura ya je ya kwanta a bahon wanka. An yi dariya, amma duk wanda ya mallaki gadon ya san daga ina dariyar ta fito.

Motar kwana kuma nata tarihin daban ya taso. A 1910 kamfanin Pierce-Arrow ya nuna wata mota a Niyok wadda kujerar bayanta ke kwantawa ta zama gado. A 1915 wani attajiri, Roland Conklin, ya ɗebi iyalinsa daga jihar Niyok zuwa San Faransisko a wata ƙatuwar mota mai tsawon ƙafa 25 da nauyin tan 8, jaridu na biye da su. A 1919 masu yawon kwana a mota suka kafa ƙungiya a Tampa ta jihar Fulorida. A Jamus, farkon shekarun 1950, kamfanin Westfalia ya fara mayar da ƙananan bas na Volkswagen ɗakin kwana. Winnebago ta jihar Ayowa ta fitar da motarta a 1966 da farashin da ma'aikaci zai iya tunkara, daga nan abin ya zama ruwan dare a Amurka.

Abin lura, a yawancin waɗannan shekaru ba gadon bango ake sawa ba. Ko dai teburin cin abinci a sauke shi a jera matasan kujera a kai, ko gado a saman kan direba wanda sai da tsani, ko kuma in motar babba ce a ware mata ɗakin kwana a baya. Man fetur na da araha, tituna na da faɗi, in wuri ya yi kaɗan sai a ƙara wa mota tsawo. Gadon bango ya samu shiga sosai ne da aka koma son ƙananan motoci, musamman bayan Sprinter ta Mercedes ta shiga kasuwar Amurka a farkon shekarun 2000, aka riƙa gina ɗaki a kanta mai tsawon ƙafa 24 zuwa 25. Kamfanin Leisure Travel Vans na garin Winkler a Kanada na cikin waɗanda suka yi suna da wannan tsari. Turai kuwa ta fi karkata ga gadon da ke saukowa daga rufi a kwance, irin na motocin Hymer.

Ga lissafin da ya jawo haka, na yi shi da kaina a bayan takarda. Katifar mutum biyu da Amurkawa suka fi amfani da ita inci 60 ce a 80, wato ta cinye wajen murabba'in ƙafa 33. In ka cire wurin direba da inji daga mota mai ƙafa 25, abin da ya rage na zama bai fi murabba'in ƙafa 130 da wani abu ba. Kwata guda ke nan ya tafi ga abin da ba a amfani da shi sai da dare, ga kicin, ga banɗaki, ga kabad duk suna jiran rabonsu. In gadon ya miƙe tsaye, sai ka samu doguwar kujera da teburi a gurbinsa. A hoton talla abin gwanin sha'awa.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. A motar nan babu ma'aikacin Pullman, kai ne fasinja kai ne mai shimfiɗa. Kowane dare za ka kwashe abin da ke kan teburi, ka naɗe shi, ka cire matasan kujera ka nema musu wuri, ka zare sakata, ka jawo gado. Da safe ka ɗaure zanen gado da bargo da bel don kada su zube baya, filo kuma galibi ba ya samun wuri, sai a jefa shi kujerar direba. Minti biyu ne ko uku, ba wani abu ba a hutun mako guda. Wanda ya tare a motar wata shida shi zai ba ka labari. Da yawa sukan gaji su bar gadon a sauke dindindin, su dawo da matsalar da suka biya kuɗi don gudunta.

Katifar ma ba kowace ba. Ramin da gadon ke shiga yana da iyakar zurfi, don haka katifa mai kauri ba ta rufuwa. A wasu motocin ma rufin bai kai tsawon gadon ba, sai a yi katifar gida biyu tana naɗewa, mutum ya kwana gaɓar na tokare masa baya ko ƙafa. Mai mota ya ji jiki, ya je ya sayo soso mai laushi ya ɗora a kai. Daga nan rigima ta biyu ta fara, kuma a nan ne ɗan karatun da na yi na kanikanci ya yi mini rana.

Gadon yana juyawa ne a kan ƙarfe ta wajen kai. Yana tsaye, nauyinsa na kan maƙalin, ɗan yatsa ma ya riƙe shi. Yana kwantowa nauyin na ƙara rinjaya, har ya kai ƙarshe lokacin da ya miƙe. Abin da ke tare wannan nauyi shi ne sifirin, ko kuma sandar iska irin wadda ke riƙe murfin but ɗin mota, mai iskar naitirojin a matse a ciki. An auna ƙarfinta ne daidai da nauyin katifar da kamfani ya sa. Ka ƙara nauyi, gado ya riƙa faɗowa da ƙarfi, ɗagawa kuma sai an yi nishi. Ka rage, ya ƙi zama ƙasa, ƙafarsa na ɗagawa da kanta. Sandar kuma tana sacewa a hankali da shekaru, sanyi ma na rage mata ƙarfi, shi ya sa gadon da ke tashi salin-alin da bazara yake zama jibgi a hunturu. Da yawa daga masu irin waɗannan motoci kuwa dattawa ne da suka yi ritaya, masu fama da kafaɗa da ƙugu. Wasu kamfanoni sun sa masa injin lantarki, danna maɓalli kawai. Ranar da batir ya mutu gado na tsaye, sai a nemi inda aka ajiye hannun juyawa.

Murphy ya ƙera gadonsa ne don bangon da ba ya motsi. Bangon mota siriri ne: leda mai tauri a waje, soso a tsakiya, falanki marar kauri a ciki, sai 'yan sandunan alminiyom. Kusa ba ta samun abin kamawa sosai, ga girgiza ta kilomita dubbai tana sassauta noti ɗaya bayan ɗaya. Farkon alama ƙara ce, ƙwas-ƙwas a bayan direba duk gargadar da aka shiga. In sakata ta saki ana tafiya, ko aka manta ba a sa ta ba aka taka birki, gadon zai sauko kan duk abin da ke ƙarƙashinsa, kuma abin da ke ƙarƙashinsa kujera ce. Wannan ba zancen fim ɗin Chaplin ba ne. Ko a gidajen da ba sa motsi, a 2022 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sanar da janye gadajen bango kusan 129,000 na kamfanin Bestar, bayan wani ya ɓalle daga bango ya faɗa kan wata dattijuwa, ta rasu.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta da ƙara. Mutum na barci yana gumi yana numfashi, katifa na shan danshi. Da safe a ɗaga ta a manna da bangon waje mai sanyi, a rufe, iska ba ta shiga. Bayan 'yan makonni sai wari, a duba baya a tarar da fumfuna ta yi baƙi. Waɗanda suka daɗe a harkar sukan bar gadon a sauke awa guda bayan an tashi, a buɗe taga, wasu su shimfiɗa wata raga mai kauri a ƙarƙashin katifa don iska ta riƙa zagayawa. Sannan gadon da ke tsaye ba shi da ƙarƙashi, wurin da masu kafaffen gado ke cusa kujerun waje da kayan aiki da kekuna. Ƙarfen da ke riƙe shi kuma nauyi ne, a Turai kuwa inda lasisin tuƙi na gama-gari ya daɗe yana tsayawa a tan 3.5, kowane kilo da gado ya ci an rage shi ne daga ruwan sha da kayan abinci.

Duk waɗannan ana iya gyara su da sabuwar sanda, da ɗaure noti, da buɗe taga. Wadda na ga ta gagari injiniyoyi ita ce ta mutum biyu. Kujera da gado wuri ɗaya suke rabawa, taura biyu kuwa ba ta taunuwa. Maigida na son kwanciya ƙarfe tara, uwargida na son ta zauna ta ƙarasa littafinta. Ko ita ta tashi da asuba tana son shayi, shi yana minshari a kan wurin da teburin yake, a wasu motocin ma gadon ya tare hanyar kicin ko ƙofar firij. Wanda ya ji zazzaɓi da rana ya kwanta, ɗayan ya rasa falo har dare. Abin da kamfanoni suka iya yi shi ne su sa kujerar direba da ta gefensa su riƙa juyowa baya, wanda bai jin barci ya koma can ya zauna da ɗan fitilarsa, ƙafafun mai barci na kusa da gwiwarsa. A ɗakinmu na makaranta ma haka muka yi ta fama: mai jarrabawa gobe ya ɗauki littafinsa ya fita baranda, sauro ya yi ta cizonsa har a kira assalatu.