Amfani da na'urar sanyaya ɗaki a lokacin damina

Na'urar sanyaya ɗaki, wadda aka fi sani da iyakwandishan, tana yin ayyuka biyu: rage zafin iska da kuma cire danshin da ke cikinta. A lokacin damina aiki na biyu ne ya fi muhimmanci, domin zafi kan ragu amma iska kan cika da laima, gumi ya ƙi bushewa, tufafi da katifu su yi fumfuna. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar hakan ya fi tsanani a watannin Yuli da Agusta.

Asali

Injiniya Willis Carrier ɗan ƙasar Amurka ne ya ƙera na'urar ta zamani a shekarar 1902. Ya yi ta ne saboda wata maɗaba'a a Brooklyn, inda danshi ke sa takarda ta kumbura, bugun launi ya lalace.

Yadda take cire danshi

Iskar ɗaki tana bi ta kan wasu bututu masu sanyi, sai tururin da ke cikinta ya zama raɓa, ya tsiyaye waje ta tiyo. Wannan yana faruwa ne kawai idan kwamfuresa tana aiki. Shi ya sa na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki kan sanyaya shi da wuri ta tsaya, ta bar shi da sanyi da laima tare.

Saiti

Yawancin na'urori suna da tsarin busarwa, mai alamar ɗigon ruwa a rimot. A wannan tsari fankar ciki tana juyawa a hankali, don haka ake tatsar ruwa da yawa ba tare da sanyi ya tsananta ba. Digiri 24 zuwa 26 ya wadatar, matuƙar ƙofofi da tagogi suna rufe. Shanya jiƙaƙƙun kaya a ɗaki yana ƙara wa na'urar aiki.

Kulawa

Ana wanke matatar ƙura duk bayan mako biyu zuwa huɗu. Idan tiyo ya toshe, ruwa yakan zubo cikin ɗaki. Ruwan sama ba ya lalata ɓangaren waje, amma ambaliya tana lalata shi, don haka ake ɗaga shi sama, kuma ba a rufe shi da leda yana aiki. Ana kashe na'urar yayin tsawa, sannan idan an dawo da wuta a jira minti uku kafin a kunna.