Sarƙar da ke jan hatsi

Yau za mu yi tarihin wata na'ura da ake kira sarƙar jan hatsi.

Ku duba yadda muke aiki a Adar. Daga Barmu har Kalfu da Keita, manomi yana ɗaure dami, jaki ya kai gida, a zuba a rumbun ƙasa. In za a kai kasuwar Tawa, sai a sussuke, a auna da tiya, a ɗura a buhu. Ƴan dako su ɗauka a ka. Haka muka gada. Amma a ƙasashen da jirgin ruwa ɗaya ke ɗaukar hatsin da ya fi na gari guda, kan mutum ba ya isa.

Wajen shekara ta 1785, wani mutumin Amurka mai suna Oliver Evans ya gina gidan niƙa wanda ruwan kogi ke juyawa. Ya sa ɗamara mai ƙananan gwangwanaye tana hawa da alkama sama. Ya kuma sa wata mai ƴan alluna tana jan gari a kwance. Wannan ta biyu ita ce kakar sarƙarmu.

Wanda ya gyara ta sosai shi ne Arnold Redler, mai niƙan alkama a Sharpness, ƙasar Ingila, wajen 1920. Ga abin da ya gane. In ka binne sarƙa cikin hatsi ka ja ta, ba ƙwayar da ta taɓa kaɗai ke tafiya ba. Ƙwaya tana riƙe ƙwaya fiye da yadda take riƙe ƙarfe mai santsi. Saboda haka tulin duka yake tafiya tare, kamar ruwan korama.

To, yaya siffarta take? Kun san kwamin da ake shayar da dabbobi a bakin rijiya. Ku ɗauka an yi shi da ƙarfe, dogo ƙwarai, an rufe samansa. A cikinsa akwai sarƙa irin ta keke, amma babba. An liƙa mata alluna a jere. A kowane ƙarshe akwai ƙafa mai haƙora, inji yana juya ɗaya. Sarƙa tana bin ƙasan kwami da hatsi, ta koma ta sama babu kaya. Inda ake son hatsi ya sauka, sai a buɗe ƴar ƙofa a ƙasa, ya zuba cikin rumbun ƙarfe.

Tafiyarta a hankali ce, shi ya sa ƙwaya ba ta fashewa da yawa. Murfin yana hana ruwa da tsuntsu. Yana kuma tsare ƙura, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don ƙurar hatsi in ta taru ta gamu da wuta, fashewa take kamar albarushi.

Ku ɗauki alli mu yi lissafi. Akwai sarƙar da ke jan tan 100 a awa guda. Tan ɗaya kilo 1000 ne. Ke nan buhu 1000 masu kilo ɗari-ɗari. Ƴan dako nawa za su sauke wannan a awa guda?

Dattawanmu sun ci hatsin da ya bi irin waɗannan injuna. A yunwar 1973 da 1974, da ta 1984, an kawo jar dawa daga Amurka, inda ake tara hatsi a zube cikin manyan rumbuna. Mai yawa ta sauka a Kotonu. Jirgin ƙasa ya kai ta Paraku, manyan motoci suka biyo ta Gaya da Doso da Ƙonni har Tawa. Ma'aikatar OPVN, wadda aka kafa a 1970 don cimakar ƙasa, ita ta ajiye ta a mangaza. Amma a buhu ta iso, ƴan dako suka sauke.

Me ya sa buhu ya fi ƙarfi a wajenmu? Sarƙa tana son lantarki marar yankewa, da makaniki, da hatsi mai yawa iri ɗaya a zube. Namu kuwa kaɗan-kaɗan yake fitowa daga ƙauyuka masu nisa, kuma tiya-tiya ake sayen sa. Buhu yana hawa jaki, yana hawa amalanke, yana shiga mota. A ganina, sarƙa ta dace da bakin teku da manyan gidajen niƙa, irin na Legas da Kano, inda alkama ke shigowa da yawa.