Ɗan Gida da Baƙo a Jami'o'in Ingila: Tarihin Kuɗin Makaranta Iri Biyu

Duk wanda ya taɓa neman gurbin ƙaro ilmi a Ingila, ko don kansa ko don wani ƙanensa, ya san akwai tambayar da jami'a ba ta sakaci da ita: shin kai ɗan gida ne ko baƙo? Amsar ita ke yanke kuɗin da za ka biya, ita ce kuma ke yanke ko gwamnati za ta ba ka rancen karatu. Sai ka ga ɗalibai biyu a aji ɗaya, malaminsu ɗaya, jarrabawarsu ɗaya, amma ɗaya yana biyan ninki biyu ko uku na abin da ɗan uwansa ke biya. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka haka abin yake tun fil azal, alhali kuwa a 1967 aka soma shi.

Lokacin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Cibiyar Horon Malamai ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano kuma ya bi sawu a shekara ta gaba, ba wanda ya san da wannan bambanci. Haka nan samarin da Gwamnatin Jihar Arewa ta riƙa turawa a zamanin Sardauna. Kuɗin makaranta kaɗan ne, kuma ɗaya ne ga kowa, domin baitulmali ke ɗauke da mafi yawan nauyin jami'o'i. Wato mai biyan haraji a Birtaniya yana tallafa wa ɗan Katsina kamar yadda yake tallafa wa ɗan Manchesta, hukuma kuwa ta ɗauki wannan a matsayin wani ɓangare na riƙon ƙasashen da take mulka.

A 1962 aka yi dokar ilmi wadda ta wajabta wa ƙananan hukumomi biyan kuɗin makaranta da na guzuri ga ɗalibin da ke zaune a yankinsu zama na yau da kullum, aka kuma sa sharaɗin shekara uku a ƙasar. A lura, dokar ba ta ce ɗan ƙasa ba, mazauni ta ce. A ganina dalilin a fili yake. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta riga ta haɗa mutanen Birtaniya da na ƙasashen da take mulka a ƙarƙashin suna ɗaya, saboda haka fasfo ba zai iya rarrabe na gida da na waje ba. Sai aka koma ƙirga shekarun zama, kuma a kan wannan ma'auni aka gina duk abin da ya biyo baya.

A watan Disamba na 1966 Ministan Ilmi Anthony Crosland, na gwamnatin Leba ta Harold Wilson, ya sanar cewa daga 1967 baƙi za su biya fam 250 a shekara, 'yan gida kuwa suna kan wajen fam 70. Ɗalibai suka yi zanga-zanga, shugabannin jami'o'i suka yi tir, gwamnati ta ce aljihunta ne ya yi rauni. Cikin shekarun 1970 aka yi ta ƙari kaɗan-kaɗan, amma har 1979 kuɗin digirin farko ga baƙo bai kai fam 1,000 ba, kuma har a lokacin baitulmali ke cike giɓin.

Uwargida Margaret Thatcher ce ta janye tallafin baki ɗaya. Ta hau mulki a watan Mayu na 1979, kafin shekarar ta ƙare gwamnatinta ta ce duk baƙon da zai shiga daga 1980 zai biya cikakken kuɗin karatunsa: aƙalla fam 2,000 a fannin adabi da zamantakewa, fam 3,000 a kimiyya, fam 5,000 a shekarun asibiti na likitanci. Abin da ya fi yi wa mutane ciwo shi ne an keɓe ɗaliban ƙasashen Kasuwar Tarayyar Turai, aka bar su a kan kuɗin 'yan gida. Bajamushe da Bafaranshe suka zama 'yan gida, ɗan Nijeriya wanda mahaifinsa ya yi wa Sarkin Ingila yaƙi a Bama ya zama baƙo. Ko da mutum ya yarda da hujjar tsimin kuɗi, wannan ya nuna inda Birtaniya ta mai da fuskarta.

Da farko Nijeriya ta jure, domin a 1980 fam ɗaya bai kai naira biyu ba, kuɗin mai kuma yana shigowa. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982, aika kuɗi waje ya zama aiki, ɗalibai da yawa suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Karya darajar naira da gwamnatin Babangida ta yi a 1986 ya ƙarasa rufe ƙofar ga yawancin hukumomin sikolashif na jihohi. Malamanmu da suka yi zamanin sun fi ni sanin yawan waɗanda suka samu gurbi amma ba su taka jirgi ba.

Malesiya ce ta nuna fushinta a aikace. A 1981 Firayim Minista Mahathir Mohamad ya umarci ma'aikatun gwamnatinsa kada su sayi kayan Birtaniya sai in babu na wata ƙasa, kuma kuɗin makaranta na cikin manyan dalilansa. Da 'yan kasuwar Landan suka ji a jikinsu, Ministan Harkokin Waje Francis Pym ya fito a 1983 da fam miliyan 46 na tallafi har shekara uku. Daga nan aka samo sikolashif ɗin da aka raɗa wa suna Chevening a 1994, wanda wasunmu ke cika takardunsa kowace shekara. Da can tallafi na kowa ne, daga nan ya koma na wanda Ma'aikatar Harkokin Waje ta zaɓa.

Sai dai akwai wani rami a cikin dokar. Mene ne zama na yau da kullum? Yaron da ya zo daga waje ya yi shekara uku a sakandare a Landan, mazauni ne ko baƙo? Ƙananan hukumomi suka ce baƙo ne, tun da ainihin gidansu yana wata ƙasa. Wasu ɗalibai biyar suka kai ƙara, cikinsu har da wani Nilish Shah haifaffen Kenya, wanda shari'ar ta ɗauki sunansa. A watan Disamba na 1982 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta ba su gaskiya. Alƙali Scarman ya bayyana cewa duk inda mutum ya zauna bisa halas, da son ransa, don wata manufa tabbatacciya, to nan ne mazauninsa, ko zaman ya yi tsawo ko bai yi ba, kuma neman ilmi manufa ce tabbatacciya. Ba ruwan doka da inda zuciyarsa take.

Murnar ba ta daɗe ba. A 1983 gwamnati ta gyara ƙa'idojin, ta kuma yi sabuwar doka a kan kuɗin makaranta da tallafi: shekarun da mutum ya yi a ƙasar musamman don karatu ba su shiga lissafi. Mu ma'aikatan gwamnati mun san irin wannan gyara, jimla ɗaya ce a takarda amma ta kwashe dubban mutane. Daga baya aka ƙara sharaɗin izinin zama na dindindin. Abin da wannan ke nufi ga wasunmu shi ne, yaron da ke da fasfon Birtaniya amma a Kano ko Abuja ya tashi, a ƙa'ida kuɗin baƙo zai biya, sai fa in an nuna aiki na wucin gadi ne ya fitar da iyayensa. Wanda kuma ya girma a can ba tare da izinin dindindin ba, shi ma ya sha wuya. Wata yarinya 'yar asalin Zambiya, wadda aka kai Ingila tana da shekara shida ta kuma yi duk karatunta a can, an hana ta rance a kan haka. Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya a 2015, a shari'ar da aka sani da Tigere, sa'an nan a 2016 aka buɗe kafa ga masu dogon zama.

Su ma 'yan gidan ba su tsira ba. An sa musu fam 1,000 a 1998, ya koma 3,000 a 2006, 9,000 a 2012, 9,250 a 2017, sai 9,535 a 2025. Amma nasu yana da iyaka da doka ta yanka, kuma rance ne da ba a biya sai an kama aiki. Sikotland kuwa ba ta karɓar kuɗi daga mazaunanta, har aka yi shekaru ɗan Girka yana karatu kyauta a Edinbara yayin da ɗan Landan ke biyan har fam 9,000. Wannan gata na Turawan Turai ya ƙare ga sabbin ɗalibai a 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai.

Kuɗin baƙo ba shi da iyaka, kowace jami'a ta yanka abin da kasuwa za ta ɗauka. Da hauhawar farashi ta cinye darajar kuɗin 'yan gida, sai jami'o'i suka jingina da baƙi, har a shekarar karatu ta 2022/23 fiye da kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shigarsu daga aljihun baƙi ya fito. Wanda aka ce a 1979 nauyi ne a kan mai biyan haraji, shi ya dawo yana tallafa wa karatun ɗan mai biyan harajin. A wannan shekara 'yan Nijeriya sun haura 70,000, Indiya da Sin kaɗai suka fi mu. Sai naira ta faɗi a 2023, a watan Janairu na 2024 kuma aka hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyalansu. Masu zuwa daga Nijeriya suka ragu ƙwarai, jami'o'i da dama suka shiga rage ma'aikata.

Kafin mu gama ganin laifin Ingila, mu ma muna da namu kuɗin iri biyu. Tun da jihohi suka soma kafa jami'o'insu a farkon shekarun 1980, da yawansu suna cajin wanda ba ɗan jiha ba fiye da ɗan jiha, hukumomin sikolashif kuwa ba su duba takardarka sai da shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Su can shekarun zama suke ƙirgawa, mu asalin uba muke tambaya. Ɗan Nijeriyar da ya samu izinin dindindin ya cika shekara uku a Ingila ya zama ɗan gida a jami'arsu. Wanda aka haifa a Sabon Garin Zariya, aka haifi ubansa a nan, suka biya haraji a nan shekara hamsin, in ya je neman takardar asali sai a ce ya tafi garin kakansa.