Kofi marar kafeyin da goron Agege

Tun da na fara rubuta kundin digirina na biyu nake raba dare da Nescafé ɗin mai shayin layinmu a Agege, har barci ya ƙaurace min, gabana yana ta bugawa. Likita ya ce in rage kafeyin, wato sinadarin da ke hana barci. Shi ne na koma kofin da aka cire wa shi, na kuma bi diddigin tarihinsa.

Wani ɗan kasuwa Bajamushe, Ludwig Roselius na birnin Bremen, ya fara sayar da shi a 1906 da sunan Kaffee HAG. Ana turara ɗanyen ƙwayar kofin kafin a soya, sannan a wanke kafeyin ɗin da wani sinadari. Shi da benzin ya yi, daga baya aka daina don yana jawo cutar daji. Yanzu akwai masu yi da ruwa zalla, akwai masu yi da iskar kabon da aka matse. Duk da haka ba ya fita tas, kusan kashi 97 cikin 100 ake cirewa.

Ɗanɗanonsa fa? Ɗacin ya ragu, ƙamshin ya yi sanyi, kamar miyar da aka rage wa daddawa. In ka zuba madara da sukari, da ƙyar ka gane.

Amma wallahi sati biyu barcin bai dawo ba. Ashe goron da nake ɓantara ina karatu shi ma kafeyin ne a ciki! Kuma goron nan yana cikin abin da ya zaunar da mu a Agege. A da can Gwanja fatake suke zuwa nemansa, har Yarabawa suke kiran irinsa obi gbanja. Da aka fara nomansa a nan, jirgin ƙasa ya ratsa Agege a 1901, aka buɗe layin Kano a 1912, sai 'yan goro suka yi ta sauka a Zango suna loda huhu zuwa gida.

Don haka masu karatun dare, in za ku rage, ku lissafa har da goro, shayi da lemon kwalba mai kola. Ni dai na daina goro daga la'asar, kuma Alhamdulillahi ina barci.