Mene Ne Matter? Abin Da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Sayi Kayan Wuta Masu Aiki Da Waya

Yayana da ke kai shanun Baba Agege ya taɓa aiko mana da ƙwan lantarki da soket irin waɗanda ake kunnawa da waya. Da muka zo haɗa su a gidanmu na Bosso, sai ga shi kowanne da manhajarsa, kuma ba sa jin yaren juna. Baba ya ce shi ba zai iya wannan wahalar ba, ya koma makunnin bango. Don maganin irin wannan asara aka fito da Matter.

Matter ba kamfani ba ne, ba kuma na'ura ba ce. Ƙa'ida ce da kamfanoni suka amince kayansu su riƙa magana da ita, kamar yadda Bafulatani da Banufe da Bayarabe ke ciniki da Hausa a kara. A Disambar 2019 Amazon da Apple da Google da ƙungiyar Zigbee Alliance suka sanar da aikin. Ƙungiyar ta koma Connectivity Standards Alliance a 2021, sannan aka saki Matter a Oktobar 2022. Ya fara da irin su ƙwai, soket da makullin ƙofa, a 2023 aka ƙara firji, fanka da injin wanki.

Yadda yake aiki

Kowane kaya na zuwa da lambar QR. Ka haska ta da waya, shi ke nan ya shiga manhajar da ka saba, ko Google Home ko Alexa ko SmartThings. Kayan suna magana ta Wi-Fi ko wata hanya mai suna Thread wadda ba ta cin batir. Amma sai da uwar na'ura a gida, irin su Amazon Echo ko Nest Hub. A cikin gida umarni na tafiya ko babu intanet. In kana Legas ko Fatakwal kana son kashe wutar gida a Minna kuwa, dole da data.

Abin dubawa kafin ka biya

1. Tambarin Matter a jikin kwali: kamar kibiyoyi uku da suka haɗa kai a tsakiya. Rubutun "smart" kaɗai bai isa ba.
2. Ƙarfin wuta. Tamu 230 ce, ta Amurka 120. Kayan gwanjon Amurka na iya ƙonewa nan take.
3. Gindin ƙwai: mai murɗi ne ko mai fil? Tambayi na gida tukuna.
4. In aka ɗauke wuta, komai ya tsaya. Ka fara sa na'urar Wi-Fi da uwar na'urar a kan sola.

Don haka ɗan'uwa, in ka shiga Alaba ko Computer Village, kada mai shago ya gaggauta ka. Sa shi ya gwada a wayarka kafin ka ba direban mota saƙon gida. Matambayi ba ya ɓata.