Tarihin Lamba 4,294,967,297

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce waiwayar tarihin wata lamba guda, wadda ta yi shekara casa'in da biyu a wani aji da ba nata ba. Masana lissafi sun kasa lambobi gida biyu. Akwai masu rabuwa, kamar 15, wato uku sau biyar. Akwai kuma waɗanda ba abin da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu, kamar 7 da 13, waɗanda za mu kira gagara-rabo.

A shekarar 1640 wani masanin shari'a na birnin Toulouse a Faransa, Pierre de Fermat, wanda lissafi abin sha'awa ne kurum a gare shi, ya lura da wani jeri. A ɗauki 2, a riɓanya ta da kanta a sami 4, ita ma a yi mata haka a sami 16, sai 256, sai 65,536. In aka ƙara wa kowacce ɗaya, za a sami 3, 5, 17, 257 da 65,537, kuma dukkansu gagara-rabo ne. Ganin shaidu biyar sun yi baki ɗaya, sai Fermat ya rubuta wa abokansa cewa ya haƙƙaƙe haka jerin zai ci gaba har abada, ko da yake ya faɗa da bakinsa cewa cikakkiyar hujja ba ta zo hannunsa ba. Ta shida a jerin ita ce 4,294,967,297. Ya rasu a 1665 yana kan wannan zato.

Sai a 1732 Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan mai shekara ashirin da biyar, yana aiki a birnin Petersburg na Rasha, ya nuna cewa lambar nan 641 ce sau 6,700,417. Mai karatu na iya ɗaukar alƙalami ya gwada.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne hanyar da Euler ya bayyana daga baya. Ya tabbatar cewa duk lambar da za ta raba wannan, tilas ta kasance riɓin 64 da ƙarin ɗaya. Ke nan maimakon laluben dubban lambobi, gagara-rabo kaɗan ne suka cancanci gwaji: 193, 257, 449, 577, sai 641, wato 64 sau goma da ɗaya. A gwaji na biyar magana ta ƙare. Wani abin mamaki kuma, tushen wannan hujja wata ƙa'ida ce da Fermat da kansa ya gano a 1640 ɗin. Makamin yana hannunsa, bai dai sara ba.

Tun daga nan jerin bai sake goyon bayan mai shi ba. Ta bakwai ma an raba ta a ƙarni na sha tara, kuma duk da zuwan kwamfuta, har yau ba a sami ko gagara-rabo ɗaya a cikinsa ba bayan 65,537.