Koyar da aikin jinya a jami'a: hanyoyin horo da ɗabi'un da ake reno

Mai karatu, idan kana da ɗa ko ɗiya mai son karatun jinya, ya kamata ka san yadda ake shirya wannan horo. A yawancin cibiyoyin lafiya na karkarar Nijar, waɗanda ake kira CSI, ma'aikacin jinya ne shugaba, wanda jama'a ke ce wa majo. Babu dokta kusa da shi. Idan an kawo yaro yana suma da tsakar dare, shi zai yanke shawara ko a yi magani nan take ko a tura shi babbar likita. Saboda haka babban abin da ake nema ga ɗalibi shi ne ya iya auna halin majiyyaci, ya kuma riƙe amana inda ba mai ganin sa.

Yadda karatun ya shiga jami'a

A 1860 Florence Nightingale ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas da ke Landan, inda ɗalibai ke koyo a bakin gadon majiyyaci. A 1909 Jami'ar Minnesota ta Amurka ta kafa makarantar jinya a ƙarƙashinta, Jami'ar Ibadan kuma ta buɗe sashen jinya a 1965. A Ingila, tun 2013 sai da digiri ake horar da sabbin ma'aikatan jinya. A ƙasarmu, makarantun ENSP na Yamai da Damagaram sun daɗe suna wannan aiki. A tsarin LMD kuwa, lisansi na ɗaukar shekara 3 bayan bakaloreya.

Hanyoyin koyarwa

Darasi a aji shi ne tushe. Nan ɗalibi ke sanin sassan jiki, cututtuka da magunguna. Sai dai hadda kaɗai ba ta isa ba, shi ya sa aka ƙara waɗannan hanyoyi:

1. Koyo daga matsala. Jami'ar McMaster ta Kanada ce ta fara shi a 1969 ga ɗaliban likitanci, daga baya ya bazu zuwa makarantun jinya. Malami yakan bai wa ƙaramin rukuni labarin majiyyaci, misali mace mai ciki da ƙafafunta suka kumbura, kanta na ciwo. Su ne za su binciko dalili, su faɗi abin yi, su kare ra'ayinsu.

2. Ɗakin gwaji. Ɗalibi na koyon allura, ƙarin ruwa da wankin rauni a jikin mutum-mutumi, don kuskurensa na farko kada ya faɗa kan mai rai.

3. Zaman koyon aiki a likita, ƙarƙashin idon gogaggen ma'aikaci.

4. Jarrabawar aiki mai zango-zango, wadda Ronald Harden da abokansa suka bayyana a 1975 a Dundee. Ɗalibi na bin zanguna ɗaya bayan ɗaya, a kowane zango yana nuna aiki guda a gaban mai dubawa.

A 1984 malama Patricia Benner ta nuna cewa ma'aikacin jinya na bin matakai 5 daga sabon shiga zuwa gwani. Ka gane ke nan takardar digiri mafarin hanya ce, kuma sabon ma'aikaci na buƙatar mai riƙe masa hannu.

Ɗabi'un aiki

Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ɗa'a a 1953, ta sabunta su a 2021. Sun ɗora wa ma'aikaci inganta lafiya, rigakafin cuta, maido da lafiya da sauƙaƙa wahala. A ƙarƙashinsu akwai rufe sirrin majiyyaci, neman yardarsa kafin a taɓa shi, daidaita mai kuɗi da talaka, da faɗin gaskiya idan an yi kuskure.

Waɗannan halaye a wurin aiki ake ɗaukar su. Ɗalibin da ya ga malaminsa ya gaida tsohuwa, ya ja labule kafin ya duba ta, haka zai yi gobe. Wanda ya ga ana yi wa mai naƙuda tsawa, shi ma abin da zai gada ke nan. Harshe ma na cikin ɗa'a: karatu da Faransanci ake yin sa, majiyyaci kuwa Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci ko Buzanci yake ji. Bayanin da uwa ba ta gane ba na iya sa ta ba yaro magani fiye da ƙima.

Kafin ka biya kuɗin makaranta

Ka tambaya ko hukuma ta amince da makarantar da takardar da take bayarwa. Ka nemi ganin ɗakin gwaji da idonka. Ka binciki likitocin da ake tura ɗalibai, da yawan ɗaliban da malami guda ke kula da su a can. Makarantar da ta amsa waɗannan ba tare da kwana-kwana ba, ita ce ta cancanci ka ba ta amanar ɗanka.